Sabar DNS a ɗakin kwamfuta mai na'ura 30: dnsmasq, BIND, ko a bar wa rauta?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan ɗakin kwamfuta na wata makaranta a nan Samaru. Kwamfuta 30 ce, duk Windows 10, a kan suwic biyu. Akwai firinta ɗaya mai shiga netwok, da wata kwamfuta da aka ɗora wa Kolibri don yara su yi darasi ko babu intanet. Intanet daga rauta mai sim yake zuwa, adireshinta 192.168.0.1, kuma ita ke raba wa kowa adireshi. Da an ɗauke wuta an dawo da ita sai lambar kwamfutar darasin ta canza, firinta ma ta ɓace. Abin da ake so shi ne yara su rubuta suna kawai a burauza, misali karatu.local, su shiga. Manhajar sabar DNS ta BIND9 ya kamata a saka ko akwai wadda ta fi ta sauƙi?

Malam na Kongo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Matsala biyu ce ka haɗa, kuma sai an raba su. Canzawar lamba aikin DHCP ne, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, suna kuma aikin DNS, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa lamba. Idan ka kafa DNS alhali lambar kwamfutar darasi tana yawo, sunan zai riƙa nuna inda babu kowa. Don haka a fara tsayar da lambobi: rauta 192.168.0.1, sabar DNS 192.168.0.2, kwamfutar darasi .10, firinta .20, sauran kwamfutoci su riƙa karɓa daga .100 zuwa .200.

Ga netwok mai wannan girma dnsmasq nake ba da shawara, don shi kaɗai yana yin DNS da DHCP a tare, kuma duk na'urar da ya ba adireshi yana riƙe sunanta kai tsaye. Tsohuwar laftof mai Debian ta isa, ko Raspberry Pi. A haɗa ta da kebul, kada a ɗora sabar DNS a kan Wi-Fi. Bayan `sudo apt install dnsmasq`, ka buɗe sabon fayil `/etc/dnsmasq.d/makaranta.conf` ka zuba wannan:

```
interface=eth0
bind-dynamic
domain-needed
bogus-priv
no-resolv
server=1.1.1.1
server=9.9.9.9
domain=home.arpa
local=/home.arpa/
expand-hosts
cache-size=2000
host-record=karatu.home.arpa,192.168.0.10
host-record=firinta.home.arpa,192.168.0.20
dhcp-range=192.168.0.100,192.168.0.200,12h
dhcp-option=option:router,192.168.0.1
dhcp-authoritative
```

Ka duba sunan katin netwok ɗinka da `ip -br a` tukuna, don a laftof da yawa ba eth0 ba ne, za ka ga irin su enp2s0. Layin `local` shi ke hana a fita da sunayen cikin gida waje a tambayi Cloudflare, mai 1.1.1.1. Layin `option:router` kuwa kada ka kuskura ka manta da shi: idan babu shi dnsmasq kansa yake nuna wa kwamfutoci a matsayin hanyar fita, sai sunaye su yi aiki amma intanet ya ƙi. Ka gwada da `dnsmasq --test`, idan ya ce rubutun daidai ne sai `sudo systemctl restart dnsmasq`. Sannan ka shiga shafin rauta ka kashe DHCP ɗinta.

Hajiya ta Tudun Wada:
Malam ya cire maka `.local` bai faɗi dalili ba, bari in faɗa. An keɓe `.local` ne don mDNS, wato neman suna ba tare da sabar DNS ba, tun takardar ƙa'ida ta RFC 6762 ta 2013. Wayoyin Apple, da Linux mai Avahi, da su kansu firintoci, idan suka ga suna mai wannan ƙarshe ba sabarka suke tambaya ba, shela suke yi a cikin netwok ta ƙofa ta 5353. Sai ka ga sunan yana buɗewa a wata kwamfuta, a wata kuma ya ƙi, ka yi ta neman laifin dnsmasq alhali ba a ma tambaye shi ba. `home.arpa` an ware shi ne musamman don ƙananan netwok a RFC 8375 na 2018. A 2024 kuma ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta keɓe `.internal` don amfanin cikin gida, shi ma ba laifi. Abin da ba a so shi ne mutum ya ƙirƙiro nasa. Waɗanda suka saba da `.dev` a da sun sha wahala da ya zama na Google, burauza ta fara tilasta masa HTTPS.

Ɗan Samaru:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Laftof ɗin da ke akwai Ubuntu ce a kanta. Tun wurin sakawa ya nuna cewa ƙofa ta 53 akwai mai amfani da ita, "Address already in use".

Malam na Kongo:
systemd-resolved ne, mai gane wa Ubuntu sunaye, yana zaune a 127.0.0.53. Ka tabbatar da `sudo ss -lunp | grep :53`, za ka ga sunansa. Wancan saƙon ya fito ne don dnsmasq ya tashi kafin ka rubuta fayil ɗin, ya nemi ya kama ƙofar a kan dukkan adireshi. Da `bind-dynamic` a ciki zai tsaya a kan 192.168.0.2 da 127.0.0.1 kawai, su zauna lafiya da resolved. Ka ajiye fayil ɗin ka sake tayar da shi. Idan kana so ka kawar da resolved daga ƙofar gaba ɗaya, ka saka `DNSStubListener=no` a `/etc/systemd/resolved.conf`, amma bayan nan ka duba `/etc/resolv.conf` kada ya ci gaba da nuna 127.0.0.53, in ba haka ba laftof ɗin kanta za ta kasa gane sunaye, har `apt` ya tsaya.

Tunda laftof ce, a `/etc/systemd/logind.conf` ka saka `HandleLidSwitch=ignore`. Wani zai zo ya rufe murfin don ƙura, ta yi barci, ɗaki gaba ɗaya ya ce babu intanet.

Na Sabon Gari:
Da girmamawa Malam, ni ban ga dalilin kauce wa BIND ba. Yaron nan koyo yake yi, kuma duk inda ya je aiki a babban wuri fayil ɗin zone zai tarar, wato fayil mai jerin sunayen yanki da lambobinsu. Saitin bai kai yadda ake tsoratar da mutane ba: a `named.conf.options` ka saka `forwarders`, ka taƙaita `allow-recursion` ga 192.168.0.0/24 da localhost, a `named.conf.local` ka bayyana zone ɗinka da na juyawa, wato `0.168.192.in-addr.arpa`. Ka gwada da `named-checkconf` da `named-checkzone`. Kurakuran da ke kama mutane biyu ne: manta ɗigo a ƙarshen cikakken suna, sai BIND ya liƙa masa sunan zone a baya ya zama karatu.home.arpa.home.arpa, da kuma manta ƙara lambar serial bayan gyara, sai sabar ta biyu ta ƙi ɗaukar sabon bayani. Riba babba ita ce sabar ta biyu tana kwafar zone da kanta. dnsmasq ba ya ba ka wannan cikin sauƙi.

Malam na Kongo:
Duk abin da ka faɗa a kan BIND gaskiya ne, Yallabai. Amma ka dubi buƙatar: suna biyu ne tsayayyu, da kwamfuta 30 masu karɓar adireshi. Da BIND sai ya ƙara sabar DHCP daban, kuma ISC, mai BIND, ta daina ci gaba da tsohuwar sabarta ta DHCP, dhcpd, a ƙarshen 2022, ta koma Kea. Idan yana son sunayen kwamfutoci su shiga DNS da kansu sai ya haɗa DDNS da mabuɗin TSIG. Wannan aiki ne mai yawa ga ɗakin da malamin kwamfuta ɗaya ke kula da shi, kuma ranar da ya bar makarantar wanda zai gaje shi ya fi iya karanta layi goma sha shida a fayil ɗaya. Koyon BIND ya yi shi a wata na'ura daban, ina goyon bayan haka.

Na Sabon Gari:
Na yarda da batun mai gado. Sai dai a sani, idan makarantar ta taɓa kafa Active Directory, tsarin Windows na sarrafa kwamfutoci da asusun mutane daga wuri ɗaya, to magana ta canza. Dole kwamfutoci su iya samun bayanan SRV irin su `_ldap._tcp`, kuma waɗannan a DNS na sabar Windows ɗin suke. A nan ko dai a nuna musu ita kai tsaye, ko a tura mata yankin daga dnsmasq da layin `server=/sunan.yanki/adireshinta`.

Ɗan Gyallesu:
Tambaya gare ku manya. Me zai hana a bar DHCP a rauta, a saka DNS na farko 192.168.0.2, na biyu 8.8.8.8 na Google? Idan laftof ta mutu intanet ba zai tsaya ba.

Hajiya ta Tudun Wada:
A nan gizo ke saƙar, ɗana, kuma wannan ne ya fi lalata irin wannan aiki. Mutane na ɗauka na biyu yana jira ne sai na farko ya mutu. A aikace ba haka na'urori ke yi ba. Idan na farko ya yi jinkirin amsa ko da sau ɗaya, Windows na iya komawa kan na biyu, wayoyi kuma kowacce da tsarinta. Google ba ta san karatu.home.arpa ba, za ta amsa da NXDOMAIN, wato babu wannan suna. Ita kuwa kwamfuta ba ta ɗaukar wannan a matsayin gazawa, cikakkiyar amsa ce a wurinta, ba za ta sake tambayar na farko ba, har ma ta adana amsar na ɗan lokaci. Sakamakon shi ne a aji ɗaya yara 25 sun shiga darasi, 5 sun kasa, gobe kuma wasu biyar ne daban. Gano irin wannan matsala ya fi wuya a kan a ce komai ya tsaya gaba ɗaya.

Duk sabar da za a ba kwamfutoci dole ta san sunayen cikin gida. Idan ana son ta biyu, a ɗora wani dnsmasq a kan kwamfutar Kolibri idan Linux ce, ko wata ƙaramar na'ura a .3, a kwafa mata layukan `host-record` da `local` amma ban da na DHCP. Sai a ƙara wa ta farko `dhcp-option=option:dns-server,192.168.0.2,192.168.0.3`. 8.8.8.8 wurinsa layin `server=` ne, a bayan dnsmasq.

Barin DHCP a rauta kuwa yana yiwuwa idan tana da wurin canza DNS ɗin da take rabawa. Da yawa daga cikin masu sim ɗin nan ba su da shi, kansu kawai suke nunawa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar DHCP biyu a kunne. Kamar limami biyu ne a sahu ɗaya, kowace kwamfuta wanda ta fara ji take bi.

Ɗan Samaru:
dnsmasq ya tashi, na kashe DHCP na rauta. A kan laftof ɗin `dig karatu.home.arpa @127.0.0.1` yana ba da 192.168.0.10. Amma kwamfutocin aji har yanzu ba sa gani.

Malam na Kongo:
Bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka taɓa saitin sabar tukuna. A kan kwamfutar aji ka buga `ipconfig /all` ka dubi layin DHCP Server da na DNS Servers. Idan 192.168.0.1 ka gani, tana riƙe da tsohon adireshin da rauta ta ba ta ne, ba za ta nemi sabo ba sai rabin wa'adinsa ya cika. `ipconfig /release`, sannan `ipconfig /renew`, sannan `ipconfig /flushdns`. Idan DNS ɗin 8.8.8.8 ne alhali DHCP ya koma .2, wani ne ya taɓa rubuta shi da hannu a saitin katin, ka mayar da shi na kai tsaye.

Idan duka biyun sun nuna .2, sai `nslookup karatu.home.arpa 192.168.0.2`. Amsar ita za ta nuna maka inda ciwon yake. Idan lokaci ya ƙare babu amsa, fayawol ne ko sunan kati da ka rubuta ba daidai ba. A Ubuntu: `sudo ufw allow from 192.168.0.0/24 to any port 53`, haka ba tare da ka ambaci udp ba, don ya buɗe UDP da TCP duka. Amsar da ta yi girma ta TCP ake maimaita ta, idan an toshe shi wasu shafuka ne kawai za su riƙa ƙin buɗewa. DHCP kuma `sudo ufw allow 67/udp`, kada ka taƙaita shi da 192.168.0.0/24, domin na'urar da ke neman adireshi daga 0.0.0.0 take magana. Idan REFUSED ka gani ga sunayen waje, dnsmasq bai da wanda zai tura wa ne, ka duba layukan `server=`. Idan NXDOMAIN ne, kuskuren rubutu ne a `host-record`.

Ɗan Gyallesu:
Akwai wani tarko kuma a `/etc/hosts`. Debian da Ubuntu suna saka sunan na'urar a kan 127.0.1.1, dnsmasq kuma yana karanta fayil ɗin ya raba abin da ke ciki. Duk wanda ya tambayi sunan sabar sai a ba shi 127.0.1.1, wato a mayar da shi kan kwamfutarsa. A canza layin zuwa 192.168.0.2, ko a saka `no-hosts`.

Hajiya ta Tudun Wada:
Madalla, wannan daidai ne. A ƙara da IPv6: wasu rautoci suna shelar kansu a matsayin DNS ta IPv6 ko an kashe DHCP, Windows kuma takan fifita shi. Idan ka ga adireshi mai fara wa da fe80 a saman jerin DNS Servers, ka kashe IPv6 na ɓangaren LAN a rauta.

Ɗan Samaru:
Alhamdu lillahi, tsohon adireshi ne, bayan `renew` nslookup yana amsawa. Saura abu biyu. Burauza tana cewa an ƙi haɗi idan na rubuta sunan, sai na ƙara :8080. Wayoyin wasu malamai kuma ba sa gani sam, alhali suna kan Wi-Fi ɗaya.

Na Sabon Gari:
Na farko ba laifin DNS ba ne. Lamba kawai yake bayarwa, ba ya faɗa wa burauza ƙofa. Kolibri a 8080 yake saurare, burauza kuma 80 take nema. Ko ka saka sabar yanar gizo ta nginx a kan kwamfutar darasi ya karɓa a 80 ya miƙa da `proxy_pass http://127.0.0.1:8080;`, ko ka ajiye wa yara gajeriyar hanya a fuskar kwamfuta mai cikakken adireshi. A riƙa farawa da `http://` kuma, don wani lokaci burauza na ɗaukar sunan a matsayin abin nema ta tura shi Google.

Wayoyi kuwa ka duba Private DNS a saitin Android, yana nan tun Android 9. Idan yana kan Automatic babu matsala. Amma mutane da yawa sun rubuta sunan wata sabar waje a wurin don toshe talla, to wayar ta ƙofa ta 853 take fita kai tsaye, ba ta bi ta kanka. Haka mai VPN a kunne, haka wanda ya zaɓi wani DNS na musamman a cikin Chrome. Sai sun mayar da shi Automatic. Kuma kada ka wahalar da kanka wajen ɗaure wayoyi da `dhcp-host`, daga Android 10 da iOS 14 suna amfani da MAC, wato lambar katin netwok, na bogi ga kowane Wi-Fi.

Mai Sola na PZ:
Ku bar ni in sa baki ta ɓangaren wuta, don daga yau duk ɗakin ya rataya a kan na'ura ɗaya. Rauta, suwic da sabar DNS su kasance a layi ɗaya na inbata ko UPS. Laftof ta fi a nan idan batirinta na da rai, don tana tsallake ɗan lokacin da ake canzawa zuwa janareta. Idan Raspberry Pi 4 ce, a ba ta caja mai 5V 3A ta gaske. Cajar waya mai arha tana sa wuta ta faɗi, `vcgencmd get_throttled` zai nuna maka, 0x0 ne lafiya. Yankewar wuta ana cikin rubutu ita ke lalata memori, shi ya sa `log-queries` a kunna shi lokacin bincike kawai, a kashe bayan an gama. A zafin Maris da Afrilu kada a kulle ta cikin akwatin ƙarfe marar iska, tana fara rage gudu daga digiri 80. Laftof kuma a hure mata fanka bayan hunturu.

Idan kwamfutar tebur ce aka yi amfani da ita, a shiga BIOS a saita ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo.

Ɗan Gyallesu:
DNSSEC fa? Kuma wannan ajiyar amsoshi tana rage cin data?

Malam na Kongo:
Data kam kusan babu abin da take ragewa, tambayar DNS 'yar ƙarama ce, baiti ɗari ko ɗari biyu. Ribarta sauri ne. Ka buga `dig` sau biyu a kan suna ɗaya ka dubi Query time, na biyu zai sauko 0 ko 1 msec, kuma a layin sim wannan bambanci ana jin sa. Asalin saitin dnsmasq suna 150 kawai yake riƙewa, shi ya sa na ɗaga zuwa 2000. Daga siga ta 2.88 akwai `use-stale-cache`, wanda ke ba da tsohuwar amsa yayin da yake neman sabuwa, yana taimakawa idan sabis na rawa. Mai son rage data toshe talla zai yi, Pi-hole kenan, kuma shi ma a kan dnsmasq aka gina shi.

DNSSEC, wato tantance sa hannun amsoshin DNS, a wannan ɗaki ban ba da shawarar kunna shi ba tukuna. 1.1.1.1 da 9.9.9.9 suna tantancewa a nasu ɓangaren. Haɗarin shi ne agogo: Pi 4 da na gabaninta ba su da agogo mai batiri, tsohuwar laftof ma ƙaramin batirin CR2032 ɗinta yakan mutu. Na'ura ta tashi da kwanan wata na baya, sa hannun DNSSEC ya zama bai inganta ba, komai ya koma SERVFAIL, ita kuma ba za ta iya gyara agogo ba don sai ta gane sunan sabar lokaci. Wanda ya dage sai ya kunna, ya haɗa da `dnssec-no-timecheck` ko `dnssec-timestamp`, ko ya sa wa Pi ɗin ƙaramin agogo DS3231.

Hajiya ta Tudun Wada:
Abu ɗaya da ba a taɓo ba. Kada a buɗe ƙofa ta 53 daga waje a rauta, ko da wani ya ce zai riƙa amfani da sabar daga gida. Sabar da ke amsa wa kowa ana amfani da ita wajen kai wa wasu hari, a aika ƙaramar tambaya da adireshin ƙarya ta mayar da babbar amsa kan wanda ake hari. A layin sim yawanci kana bayan CGNAT ne, wato kamfanin sadarwa ya haɗa ku da yawa a adireshi ɗaya, ba a iya kaiwa gare ka daga waje, amma ranar da makarantar ta koma layi mai adireshin waje abin zai bayyana. Masu rautar MikroTik su fi kula: `allow-remote-requests=yes` yana buɗe DNS ta kowane ɓangare, sai an sa dokar fayawol da ke zubar da 53 na UDP da TCP daga WAN.

Ɗan Samaru:
An gyara wayoyin, Private DNS ne. Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: firinta da kwamfutar darasi, in rubuta musu lamba da hannu ne ko in ɗaure su ta dnsmasq?

Malam na Kongo:
Amin. Kwamfutar darasi da hannu, don ta tashi da lambarta ko sabar DNS ba ta riga ta tashi ba. Firinta kuwa ta dnsmasq: `dhcp-host=` sai MAC ɗinta, waƙafi, 192.168.0.20. Za ka samu MAC ɗin a takardar saitin netwok da take bugawa, ko a `/var/lib/misc/dnsmasq.leases`. Dalili shi ne duk ranar da mai gyara ya mayar da ita saitin kamfani, lambar hannu gogewa take yi, amma ta DHCP za ta dawo kan .20 da kanta. A kwamfutocin aji ka sake saka firintar da suna firinta.home.arpa a wurin adireshi. Kuma bayan kowane gyara a fayil ɗin `.conf` cikakken `restart` ake yi, `reload` fayilolin hosts kawai yake sake karantawa ya share ajiya, ba ya duba saitin.